Telan da Ya Hana a Gana da Mu Ɗaiɗai

Assalamu alaikum. Mai girma wakilinmu a majalisa, masu neman kujera da na hango a sahun gaba, shugabannin ƙauyukanmu na wannan gaɓa da na ƙetare, malamai, Inna matar marigayi, 'ya'yansa da ƙannensa, ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ni ce ungozomar asibitin ƙetaren kogi. An ce in yi magana a madadin jama'a.

Ya kasance tela, kuma ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba: wanda ya kai masa ɗinki ya sayi haƙuri. Ka je shago ka tarar an lulluɓe keke da zani, almakashi na kwance a kan yadinka, an zana rabin hannun riga da alli, shi kuwa yana birni a ƙofar ma'aikatar ayyuka, kan maganar gada. Inna, ke kika sha fitowa kina ba mu baki, Allah ya saka miki.

Ya kasance mutum mai doka guda. Idan zaɓe ya ƙarato, ba ɗan takarar da zai gana da ƙauye ɗaya shi kaɗai. Sai mun taru duka a ajin makaranta, shi ma mai neman ƙuri'a ya matse gwiwoyinsa a bencin yara, ya faɗi abin da ke bakinsa kowa na ji. Na taɓa tambayarsa dalilin wannan taurin kai. Ko ɗagowa bai yi daga ɗinki ba, ya ce, "'Yata, gada ɗaya ce. In suka same mu ɗaiɗai, kowane ƙauye za a yi masa alkawarinta a ƙofar gidansa. Mu kama rigima, su kuma su ce sai mun shirya."

Ya kasance mai naci. Da lallashi, da faɗa, da zaman ƙofar gida har mai gida ya gaji ya fito, ya haɗa kanmu a kan a gina gadar a mashigin da kwalekwale ke tsayawa. Ya kai maganar gaban kwamitin majalisa har aka sa ranar zama. Allah bai nufe shi da ganin ranar ba.

Yanzu ga abin da ke hana ni sukuni. Tun da aka binne shi motocin 'yan takara suke shiga ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya. Mutanen kudu sun ce an yi musu alkawarin gada a bayan kasuwarsu. Na arewa ma sun ji irin wannan. Shugabanninmu, iyayena ne ku, ku gafarce ni, amma yau ma ba ku zauna a tabarma ɗaya ba. Kwamiti kuwa ya faɗa ƙarara, in babu wurin da muka amince a kansa, za a ajiye maganar sai wani zubin.

Ku masu neman kujera, ajin nan yana nan, ba a kulle shi ba. Ku same mu a can.

'Yar autar marigayi tana nan zaune kusa da Inna, da cikinta na fari. Lissafina ya nuna tsakiyar damina za ta haihu, lokacin da kogi ke cika ya batse. Ita kam kwalekwale za ta shiga, wannan ya riga ya wuce mu, ni kuma zan tsaya a gaɓa ina addu'a kamar kullum. Tsorona shi ne abin da za ta haifa, in mace ce, ita ma wata rana a ɗauko mini ita a cikin wannan kwalekwalen.

Na gode da kuka saurare ni. Allah ya jiƙan Tela, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba Inna da yara dangana. Allah ya haɗa kanmu kafin ranar zaman nan, ya ƙetarar da 'yarsa lafiya. Amin.