Yarona ya ƙi karɓar kofi daga hannuna

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Hadiza, daga wani ƙauye a gefen Ɗanbatta.

Yarona na biyu, Sadiku, yana da wata goma sha ɗaya na gane ina da ciki. Inna, uwar maigidana, ta ce nonon mai ciki cuta ne ga yaro, in cire shi a ranar. Na jiƙa maɗaci na shafa. Ya rarrafo yana dariya ya kama, ya saki, ya tsaya yana kallona. Wallahi har yau kallon nan bai bar idona ba.

Aka kai shi yaye gidanmu, sati uku. Ya dawo a rame, amma ya iya shan koko a kofi. In babansa ya miƙa masa, zai sha. In maƙwabciya ta miƙa, zai sha. Ni kuwa in na miƙa, sai ya damƙe baki ya juya fuska bango.

Da na je awo, malamar asibiti ta ce, "Baiwar Allah, wa ya ce ki yaye shi? Ai da kin ci gaba da ba shi, kina koya masa kofi a hankali." Na fito na zauna gindin darbejiya na yi kuka.

Ban riƙe Inna a zuciya ba, ita ma haka aka koya mata. Iyaye mata masu sauraro, ku taimake ni da shawara. Yaya zan yi yaron nan ya yarda cewa abin da ke hannuna ba ɗaci ba ne?