Ruwan Khal a Layin Likita

A bencin jiran likitan masu ciwon suga, wata mai jiki ta zaro gora ta kurɓa. Dattijuwar gefenta ta toshe hanci.

"Baiwar Allah, mene ne wannan mai warin tsiya?"

"Ruwan khal ne na tuffa, Mama. Yana narkar da teɓa, yana saukar da suga. Ni har na ajiye ƙwayoyina."

"To me ya kawo ki layi?"

"Sugan ne ya ƙi sauka."

"Ita ma teɓar na ga tana nan daram. Yaya kike haɗiye wannan tsamin?"

"Zuma nake zambaɗa masa."

Dattijuwar ta ja tsaki. "Zuma? Ji sakarci! Ni da lemon kwalba nake haɗa nawa."