Fentin Gwamnati

A tashar mota wata dattijuwa tana zaune a kan naɗaɗɗiyar katifa, tukwanenta a ɗaure cikin zane. Kusa da ita wani mai fenti ne, wandonsa duk ɗigon shuɗi.

"Mama, ƙaura ake yi ne?"

"Ƙaura ko kora? Da ganinka kana cikin waɗanda suka shafa mana shuɗin nan."

"Mu ne! Shirin gwamnati na inganta gidajen talakawa. Ai layinku ya fito kamar amarya."

"Ta waje ba. Ciki kuwa da kwano nake taren ruwan sama. Me ya hana ku shigowa?"

"Bangon da ke kallon titi kawai aka ba mu. Manya ba sa leƙa tsakar gida, a mota suke wucewa."

"To, mai gidan hayarmu ya ga bango yana ƙyalli, ya ce gidansa ya zama sabo, ya ninka haya. Fenti bai gama bushewa ba ya watso mana kaya waje."

"Wannan son zuciyarsa ne, Mama. Gwamnati alheri ta nufa. Kyauta fa aka yi muku!"

"Allah ya saka mata. Yanzu ɗakin girkin 'yata zan je in raɓa. Kai gidanka ne kake ciki?"

"Ina! Haya nake, ni da iyalina."

"Ku ma an inganta ku?"

Mai fentin ya waiga, ya rage murya.

"Allah ya tsare! Da muka iso layinmu, cewa na yi fenti ya ƙare."