Cigiyar Yaro Mai Cindo

A ɗakin jiran likita, wata mata tana sauraren wani abu a wayarta, wani dattijo yana gefenta.

"Baiwar Allah, wane shiri ne wannan?"

"Cigiya ce, Baba. Gidan rediyo ya zuba tsofaffin shirye-shiryensa a intanet, kyauta. Wannan ya haura shekara hamsin."

"Me matar da ke magana a ciki take cewa?"

"Ɗanta ya ɓata a kasuwa. Yana da cindo a hagu, da tabon ƙuna a wuya."

Dattijon ya shafa wuyansa.

"Ni kawuna ya raine ni. Ya ce uwata ta rasu wurin haihuwata."

"Allah ya jiƙanta."

"Ranar da kawun ya kawo ni gidansa aka yanke mini cindona. Maimaita mini, 'yata. Na san muryar nan."