Injin da Aka Sa wa Sunan Yaya

Iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Ni ce Saratu, daga wajen Beli.

Injin niƙan nan na bakin kasuwarmu, ni da marigayi maigidana muka saye shi. Gyaɗar gonarsa da ƙuliƙulina ne suka haɗu suka zama inji. Ranar da ma'aikacin haraji ya zo, ya tambaya, "Sunan wa za a sa?" Ga wan maigidana, Yaya Ayuba, zaune a kan benci. Maigidana mutum ne mai kunya, ba zai iya faɗin sunan kansa a gaban babba ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "A sa na Yaya." Ni kuwa har daɗi na ji, wai na auri mai ladabi!

Haka aka ci gaba. Mu ke biyan haraji, rasit na fitowa da sunan Yaya. Da aka yi wa sana'ar rajista ma, sunansa aka bi.

Da Allah ya ɗauki maigidana, ko zaman makoki ba a tashi ba, sai ga Yaya ya sa sabon kwaɗo a ƙofar shagon injin. Na kai ƙara. Alƙali ya saurare ni da tausayi, sannan ya ce, "Baiwar Allah, akwai wata takarda mai sunanki ko na mijinki?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai duk garin nan an sani." Amma ba wanda ya yarda ya shiga maganar 'yan'uwa. Aka bar wa Yaya injin.

Wayyo, jama'a! Kullum da safe ƙarar injin ke tashina, ga yarana ba abin karin kumallo. Na tsani mutumin nan. A sujada a coci, in an zo wajen gafara cikin Addu'ar Ubangiji, sai in rufe bakina gam.

Wata safiya ina gaban murhu, injin ya fara kuka, ni ma na fara. Na durƙusa na ce, "Yesu, an ƙwace injin. Kada ka bari a ƙwace mini zuciya ma." Da na tashi, na ɗauki gyaɗata na kai niƙa shagon nan. Na gaishe da Yaya, na biya kamar kowa, ban zage shi ko a ciki ba. Wannan ba ƙarfina ba ne.

Injin bai dawo ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na gode wa Ubangiji da ya fid da ni daga ƙiyayya. Ku dogara gare shi, ku kuma sa sunanku a kan guminku tun kuna raye.

Kwanan baya ma'aikacin haraji ya tsaya a teburin ƙuliƙulina, ya ce, "Mama, sunan wa za a sa?" Hawaye na zuba na ɗaga kai na ce, "Saratu." Yabo ga Yesu!