Gefen Hagu Na Husaini Ne

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Maman 'Yan Biyu ce daga Gwagwalada.

Ɗana Hassan ɗan gaba ne a wata ƙungiyar ƙwallon kwando. Kocinsa ya ce zai ƙara gogewa in ya koyi kutsawa ta hagu. To, da can a ƙungiyar, hagun nan wurin Husaini ne, ɗan'uwan tagwaitakarsa, Allah ya jiƙansa.

Ran Asabar na je kallo. Da idona na ga Hassan ya jefa ƙwallo hagu, alhali babu kowa a wurin. A gida na tambaye shi, ya ce, "Mama, ai ya ɗaga mini hannu."

Jama'a, ku ba ni shawara. In ce ya shiga wurin ɗan'uwansa, ko in bar musu?