Baƙin Tabarau a Masussuka

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu mai cetonmu. Baba Fasto, iyayenmu mata, da ku 'yan Kabo da kuka sauke mu kuka cika mu da tuwo, sannunku da ɗawainiya. Tun da na taso nake ganin na kujerun gaba suna taɓa juna suna ƙunshe dariya. Ku yi abarku, ba zan ji haushi ba. Ni ma ranar da na fara ganin kaina a madubi da wannan baƙin tabarau sai da na ce, Rahila, yaushe kika fara acaɓa?

Daga wani ƙauye nake bayan Getso, a ƙasar Gwarzo. Waɗanda suka san ni sun san ido ɗaya gare ni. Na hagun ƙyanda ce ta tafi da shi tun ina goye. Da na daman nan na yi komai. Da shi na yi aure, na raini 'ya'ya, da shi na koyi karatu a ajin manya na majami'armu, har aka riƙa ba ni karatun Maganar Allah ranar zumuntar mata. Ban taɓa ɗaukar kaina a mai rashi ba.

Bara da sanyi, bayan an yanke dawa maza sun gama bugu, muka fita shiƙa. Yawancinku manoma ne, kun san aikin. Mu jera a masussuka kowa da ƙwaryarta, a ɗaga sama a zubo, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta sauka ƙasa. Rana tana dukan fuskarki, kina ƙanƙance ido, ana waƙa ana tsiya, kowa na sauri a gama kafin Kirsimeti. Na ɗaga ƙwarya ke nan sai iskar ta juyo ta watsa min ƙaiƙayin a fuska. Na ji abu ya soke ni a idon dama kamar ƙaya.

A garinmu in haki ya faɗa wa mutum a ido, ba wanda ke tunanin asibiti. Gwaggo Asabe ake kira. Ƙanwar surukina ce, kuma ita ce mai cire haki da harshe. Za ta kuskure baki, ta buɗe idon da yatsu, ta lasa, ta tofo a tafin hannu ta nuna maka. Haka muka taso muka ga ana yi, kuma sau da yawa ana dacewa. Ta zo ta lasa, ta nuna min ɗan tsinke.

"Ga mugun nan," in ji ta. "Tashi ki ci gaba da aikinki, 'yar nan."

Na tashi na ci gaba, ina hawaye ina shiƙa.

Washegari ido ya yi jawur. Aka nemo mai jego ta ɗiga min nono. Bai yi ba. Aka rangaɗa min kwalli, shi ma bai yi ba. Kwantsa ta riƙa liƙe idon, hasken rana ya zama abokin gabana, na koma ƙuryar ɗaki na lulluɓe kai da zane. Mutane suka zama inuwa. Ranar da maigidana ya miƙo min ƙoƙon koko na kai hannu na kama iska, shi ya riga ni fashewa da kuka.

'Yan'uwa, na ji tsoro. Mai ido biyu in ɗaya ya tafi yana da saura. Ni ba ni da saura.

Da Gwaggo ta ga haka sai ta ce lokacin babban magani ya yi, wanda take ajiyewa sai komai ya gagara: jiƙon wata saiwa da jar kanwa, a ɗiga da ɗuminsa. Ina so ku gane, ba mugunta ba ce. Matar nan ita ta yi min wankan jego, kuma da ƙafarta ta shiga daji ta haƙo saiwar. Ranar Alhamis ce, matan zumunta sun zo duba ni. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗora kaina a cinyar Gwaggo. Da warin maganin ya bugi hancina sai zuciyata ta ƙi.

Na ce, "Gwaggo, a yi min addu'a tukuna."

Ta ce, "To, a yi. Amma a taƙaita, magani yana hucewa."

Wa aka ba addu'ar? Uwar zumuntarmu. Ga ta can tana sunkuyar da kai, ta san abin da zan faɗa. Mama in ta kama addu'a sai ta bi ta kan gwamnati, ta bi ta kan matafiya da fursunoni da 'yan makaranta, kafin ta iso kan wanda ke kwance a gabanta. Mun sha yi mata tsiya a kan haka. Daga ranar nan na daina.

Tana can wajen matafiya, ni kuma ina tawa a zuci. Na ce, Yesu, ido ɗaya ka bar min, kuma ya ishe ni shekara da shekaru. Ban san abin da ke cikin ƙoƙon nan ba, kai ka sani. In ba alheri ba ne, ka hana shi shiga.

Ba a kai ga amin ba muka ji sallama. Inna Hansai ce, maƙwabciyarmu Musulma, daga gidan makiyayan da suka zauna suna noma a gefen garinmu. Nono ta kawo kamar yadda ta saba. Ta tsaya daga bakin zaure har Mama ta sauke addu'a, sannan ta matso, aka gaisa, ta yi min sannu da jiki. Sai na ji ta ja hanci.

"Asabe, me ke cikin ƙoƙon nan?"

Gwaggo ta faɗa mata.

"Subhanallahi. Irinsa aka ɗiga wa Malam ɗina shekarun baya, a kan haki ɗan wannan. Kun san shi da ido ɗaya, akwai wadda ta taɓa tambayar inda ɗayan ya tafi? Don Allah don Annabi kada ku sa wa yarinyar nan."

Ba ta jira amsa ba. Na ji ƙarar ruwa a gindin darbejiya, ta zubar. Ba a taɓa yi wa Gwaggo haka ba. Can sai ita Gwaggon ta ce wa maigidana, "Me kake jira? Ɗauko babur."

A asibitin Gwarzo suka duba suka tura mu asibitin ido a Kano. Likitan ya haska, ya daɗe yana kallo, ya ce miki ne a kan baƙin idon, har ya fara ruɓa. Ya tambayi abin da aka sa, na lissafa masa, har da wanda aka zubar. Ya ce, "Mama, da kanwar nan ta shiga, da ba abin da zan iya yi miki."

Suka kwantar da ni, ana ɗiga magani ba ƙaƙƙautawa. A hankali inuwa ta fara zama mutane. Abin da na fara gani sosai gemun maigidana ne, ya cika da furfura. Na ce, "Ashe ka tsufa haka?" Ya ce, "Ke kika tsufar da ni a asibitin nan." Muka yi ta dariya har mai jinya ta leƙo. Halleluya!

Da za a sallame ni likita ya ce in sayi baƙin tabarau mai rufe har gefe. In sa shi a rana, in sa shi a kan babur, in kuwa shiƙa ce ko casa, kada in kuskura in fita babu shi. Na saya, amma kunya ta ishe ni. A garinmu ba a san mace da baƙin tabarau ba. Wata ta ce amarya, wata ta ce 'yar birni. Kuma kun san ba a gaida babba da ido a rufe, don haka duk dattijon da na hango sai in zare in ɓoye a zane.

Gwaggo kuwa tun da na dawo ba ta leƙo ni ba. Sai na je da kaina. Na same ta a rana tana ɓarar gyaɗa, na durƙusa, na zare tabarau zan gaishe ta.

"Mayar da shi," in ji ta. "Wa ya ce ki cire? Ni idonki nake so, ba ladabinki ba."

Na mayar. Ta kama hannuna ta ce, "Na kusa makantar da ke, 'yar nan." Muka yi kuka mu biyu. Da ta share hawaye sai ta matso ta rage murya. "A ina ake sayar da irinsa?"

Da kun zo masussukarmu bana da kun sha kallo. Mata a jere, ƙwarya a sama, kowa da baƙin tabarau, har Inna Hansai, wadda ta saya wa Malam ɗinta shi ma. Masu wucewa a babur sai sun rage gudu. Mun shiƙe dawarmu kaf, ba wadda ta koma gida tana murza ido. Wanda kuma ya zo wa Gwaggo da haki yanzu, ruwa mai tsabta take ba shi ya wanke, in bai fita ba ta kora shi asibiti da sandarta.

Na gode wa Yesu da ya ji ni ina kwance a cinya, magani na kusa da idona. Ban ga mala'ika ba. Doguwar addu'ar Mama ya yi amfani da ita, da ƙwaryar nonon maƙwabciya, da hannun likita. Ke da kike cikin duhu yau, ko na ido ko na zuciya, ki kira shi, ki dogara gare shi. Ya san ta inda zai aiko.

Bari in zare shi ku ga aikin Ubangiji, nan cikin inuwa ba komai. Ga Gwaggo Asabe can a kujerar ƙarshe, jikin ƙofa. Gwaggo, 'yar takardar kamfanin nan har yanzu tana manne a gilashinki na dama, ba ki ɓare ba. Daga nan nake hangenta.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.